Raƙumi, Carbi da Karl Marx

A watan Disamba na 1852 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Bune a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya ga tafkin kanwa, ya ga tsohon gari da sabo, sannan ya wuce Gure, inda Muniyoma Koso ya mayar da gadon sarautar Muniyo. A wannan watan, wani Bajamushen yana zaune a Landan cikin ɗakuna biyu na haya a unguwar Soho, bashin mai gida da na mai burodi sun yi masa katutu, yana yini a ɗakin karatu yana tonon littattafan tattalin arziki. Sunansa Karl Marx. Su biyun sun yi karatu a jami'ar Berlin, har zamansu a can ya haɗu na ɗan lokaci. Ɗaya ya zo ya ga yadda ake aiki a ƙasar Manga da idonsa. Ɗayan bai taɓa taka ƙasashen nan ba, amma tambayar da ya ƙare rayuwarsa a kanta tana nan kwance a bakin kowane tafkin kanwa.

Ga yadda aikin yake. Da an gama girbi, iska ta juyo, sai maza su sauko cikin kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi, su kafa bukkoki. A kankare ƙasa mai gishiri, a zuba ta cikin matata ta ciyawa, a kwarara ruwa yana ɗiga ƙasa. Ruwan nan mai ɗaci shi ake ɗurawa a ƙananan tukwanen yumɓu da aka jera a kan murhu, a hura wuta da kaba da kututturen goriba, ana ƙara ruwan kaɗan-kaɗan dare da rana har ya daskare ya zama dunƙule. Sai a fasa tukunyar a fitar da gishirin. Tafin hannu ya tsage, ƙafa ta tsage, hayaƙi ya ci ido. In an gama, kaso na farko ba na wanda hannunsa ya tsage ba ne. Na mai sarautar da tafkin ke hannunsa ne, wanda wataƙila bai kwana ko sau ɗaya a bakin murhun ba. Fatake su ɗauki sauran su kai Kano da gaba da Kano, su ci ribarsu.

Marx ya ce a tsaya a nan a yi lissafi. Ƙasa mai gishiri ba ta da kuɗi sai da aka yi mata aiki, saboda haka darajar dunƙulen gishiri gumin ma'aikaci ce. Abin da aka bar masa iyakarsa ya ci ya rayu ya dawo baɗi. Rarar kuwa, wato bambancin da ke tsakanin abin da ya samar da abin da aka ba shi, ita ce ke tara dukiyar mai tafki, ko mai gona, ko mai masana'anta. Wannan shi ne ƙashin bayan babban littafinsa a kan jari, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1867. Ya ƙara da cewa tarihin al'umma duka kokawa ce tsakanin masu riƙe da hanyoyin samar da dukiya da masu yi musu aiki: bawa da ubangijinsa, talaka da mai ƙasa, lebura da ɗan jari-hujja.

Har zuwa nan, ba na jin akwai malamin zaure da zai ɗaga gira. Zalunci zalunci ne, kuma littattafan fiƙihu cike suke da hukuncin haƙƙin ɗan ƙwadago. Rigimar tana ƙasa da wannan, can a harsashin ginin, inda yawancin masu yabon gurguzu da masu zaginsa a ƙasashenmu ba su cika leƙawa ba.

Marx ya tashi a inuwar Hegel, babban malamin falsafa na Berlin wanda ya rasu a 1831. Hegel ya koyar da cewa duniya ba a tsaye take ba, tafiya take yi ta hanyar karo: kowane hali yana ɗauke da kishiyarsa a cikinsa, su yi ta ja-in-ja har wani sabon hali ya fito daga tsakaninsu. Amma a wurin Hegel abin da ke wannan tafiya ruhi ne, wani hankali mai game komai wanda ke bayyana kansa a cikin tarihi. Almajiransa suka rabu. Ɗaya daga cikinsu, Ludwig Feuerbach, ya fitar da littafi a kan Kiristanci a 1841 inda ya juya maganar: a ganinsa mutum ne ya tattara kyawawan siffofinsa, ilimi da iko da jinƙai, ya ɗora su a sama, sannan ya durƙusa musu yana ganin kansa ba komai ba. Marx ya ɗauki tafiyar karo daga Hegel, ya ɗauki musun ruhi daga Feuerbach, ya haɗa su. Abin da ya fito shi ne cewa abu mai jiki shi ne farko, tunani daga baya ya zo. Yadda mutane ke neman abinci, da wanda ya mallaki gona da garma da injin, shi ne tushe. Shari'a da sarauta da ɗabi'a da addini duk rassa ne da suka tsiro daga wannan tushen, kuma in tushen ya sauya su ma za su sauya.

Shi ya sa maganarsa da ta fi shahara a kan addini, wadda aka buga a Paris a 1844, take da fuska biyu. Ya kamanta addini da ofiyom, kowa ya san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a zamaninsa ofiyom maganin kashe zafin ciwo ne da ake saye a kanti, kuma a wannan wurin ya siffanta addini a matsayin nishin wanda aka danne. Bai ɗauki mai ibada wawa ba. Ya ɗauke shi majinyaci wanda ya sami abin rage raɗaɗi bai sami magani ba. Akwai tausayi a ciki, amma kada tausayin ya ruɗe mu: a wannan lissafi babu Mahalicci, babu wahayi, babu tashin ƙiyama. Bai ma ga amfanin tsayawa jayayya a kan samuwar Allah ba. Ya ce a gyara duniyar da ta sa mutane ke buƙatar lahira, addini zai bushe da kansa.

Malamanmu sun san wannan ra'ayi tun kafin a haifi kakan Marx. Dahriyya suke kiransa. Suratul Jasiya ta ambaci masu jingina rayuwa da mutuwa ga zamani kaɗai, Imam Gazali ya sa su a rukunin farko na masu falsafar da ya yi wa raddi, kuma a 1881, Marx yana raye, Jamaluddin Afgani ya rubuta nasa raddin a kansu. Sabon abin da Marx ya kawo shi ne ɗaura wannan tsohon ra'ayi a wuyan kukan talaka, har ya zama kamar ba za ka karɓi ɗaya ka bar ɗaya ba.

Lenin ya ƙara ɗaure igiyar. A wata maƙala ta 1905 ya ce addini lamarin mutum ne shi kaɗai a gaban gwamnati, amma ba haka yake a gaban jam'iyya ba. Ita jam'iyya wajibinta ne ta yaƙe shi. Da suka karɓi mulki a 1917 sun fara da lallashi, suka yi wa Musulmin Rasha da na gabas alkawarin cewa ba za a taɓa masallatansu da al'adunsu ba. Ba a yi shekara 10 ba aka soma rufe kotunan shari'a da makarantun addini, aka ƙwace waƙafi, aka sauya rubutun ajami da na boko, daga baya da na Rasha. Masallatai sun haura 20,000 kafin juyin. A farkon shekarun 1940 waɗanda ke buɗe ba su kai 2,000 ba. Kiristoci ma ba su tsira ba: a 1931 aka sa nakiya aka rushe babbar majami'ar Mosko. Mirsaid Sultan-Galiev, Batatare ɗan gurguzu wanda ya ba da shawarar a bi Musulmi a hankali, an kore shi daga jam'iyya, aka harbe shi a 1940. Sai da yaƙin Hitila ya matse Stalin sannan ya yarda a kafa hukumar addini a Tashkent a 1943, kuma can ake kai baƙi daga Afirka da ƙasashen Larabawa a nuna musu rawani da hasumiya. Albaniya kuwa a 1967 ta rufe kowane masallaci da kowace majami'a.

To, yaya aka yi tunani mai irin wannan harsashi ya sami masauki a Damagaram, ƙasar tsangayu da alarammomi?

Ta ƙofar siyasa ya shigo, ba ta ƙofar falsafa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, a majalisar Faransa ƴan gurguzu ne suka buɗe wa wakilan Afirka hannu. Jam'iyyar RDA, wadda aka kafa a Bamako a 1946, ta ƙulla ƙawance da su, kuma reshenta a Nijar shi ne PPN. A 1950 shugaban RDA, Houphouët-Boigny, ya ga ƙawancen yana jawo musu duka da ɗauri, ya warware shi. Jibo Bakari, malamin makaranta ɗan Sudure kusa da Yamai, ya ƙi bi. Ya koma harkar ƙungiyar ƙwadago mai alaƙa da CGT ta Faransa, ya kafa UDN a 1954, wadda ta rikiɗe ta zama Sawaba, mai alamar raƙumi. Ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa a 1957.

A dubi waɗanda suka cika jam'iyyar: direbobin manyan motoci da yaransu, masu dako, teloli, mahauta, ƙananan ma'aikatan gidan waya, ƴan koli, manoman gyaɗa na Magarya da Matamai waɗanda suka san yadda sikelin kamfani ke cin su, da malaman allo. Damagaram na cikin wuraren da ta fi ƙarfi. Waɗannan mutane ba Feuerbach ne ya kawo su ba. Aikin tilas ne, wanda ba a soke shi ba sai 1946, da haraji, da bulalar dogari, da wulaƙancin kwamanda. Ana tashi daga taro a yi alwala. Jam'iyyar ba ta kira kowa ya bar salla ba, kuma da ta yi, da raƙumin bai kai ko Mirya ba. Wani abin da masu son tsabtace tarihin Sawaba ke tsallakewa shi ne nasarar 1957 ma da goyon bayan sarakuna da dama aka same ta, ta hanyar haɗewa da jam'iyyar BNA. Jam'iyyar talakawa ta hau mulki a kan dokin sarki, kuma da Faransa ta ja linzami a 1958, dokin ya kayar da ita. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, Jibo ya ce a'a ga tayin De Gaulle, Gwamna Colombani ya sa ƙarfin mulki duka a ɗaya ɓangaren, aka bayyana cewa kusan kashi 78 cikin 100 sun ce i. A 1959 aka haramta Sawaba.

Can kudu da iyaka labarin ya fi fitowa fili. Takardar manufa ta NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi magana ƙarara a kan kokawar aji tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa. Harshen Marx ne wannan, ba ko tantama. Amma wanda ya zama jagoranta, Malam Aminu Kano, ɗan gidan malamai ne, mai tafsiri, kuma abokin tafiyarsa Malam Sa'adu Zungur ya sha fiƙihu da lugga kafin ya sha boko. In suna neman hujja a kan sarakuna ba sai sun je Mosko ba. Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa da ƙwacen kayan kasuwa a cikin alamomin mulkin zalunci. Duk da haka an kira ƴan NEPU marasa addini, alƙalan En'e sun ɗaure su sun sa an yi musu bulala da sunan shari'a. A nan dole mai gaskiya ya yarda cewa zargin Marx yana da haƙori. An sha yin amfani da mumbari a ce wa talaka ya yi haƙuri, arziki da tsiya rabo ne, bin na gaba bin Allah ne, alhali mai faɗar yana cin tuwon fada. Inda Marx ya kasa gani shi ne daga cikin littafin da aka yi wa talaka wannan huɗuba ake ciro wadda ke tayar da shi. Abin da ke sa barci bai kamata ya haifi jihadin Shehu na 1804 ba.

Bayan haramci, shugabannin Sawaba suka watsu zuwa Bamako da Akara, wasu suka laɓe a Kano a gidajen ƴan NEPU. Aka tura matasa karatu ƙasashen gabashin Turai, wasu kuma koyon yaƙi a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana. A nan ne aƙidar ta shiga da gaske, da darussanta da littattafanta. A ƙarshen damina ta 1964 suka tsallako iyaka ƙungiya-ƙungiya, da zaton ƙauyuka za su tashi su bi su. Ƙauyuka ba su tashi ba. Aka farauce su, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai cikin Oktoba, aka cika kurkuku da ɗaruruwa. A Afrilun 1965, ranar Babbar Salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a wurin sallar idi da nufin kashe Shugaba Jori Hamani. Jori ya tsira, yaro ƙarami ya mutu. Gwamnati ta shekara tana cewa waɗannan kwaminis ne marasa tsoron Allah. Ranar nan an ba ta hujjar da ba ta iya ƙerawa da kanta ba. Jibo bai dawo gida ba sai bayan juyin mulkin Saini Kunce na 1974, kuma a shekarar da ta biyo aka ɗaure shi.

Tambayar da ta rage ita ce ko za a iya raba lissafin Marx da harsashinsa. Shi kansa zai ce a'a. Malaman da suka karanta shi da kyau su ma a'a suka ce, amma ta wata fuskar. Muhammad Baƙir Sadr na Najaf ya rubuta Falsafatuna a 1959, lokacin da jam'iyyar gurguzu ke janye matasan Iraƙi, kuma bai tsaya zagi ba, ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana cin masu wannan aƙida: in kowane tunani ɗan yanayin tattalin arzikin zamaninsa ne, to tunanin Marx fa? Me ya fitar da shi daga hukuncin da ya yanke wa kowa? Ni kuma wata ce ta fi damuna. In babu komai sai jiki da motsinsa, daga ina kalmar zalunci ta samo nauyinta? Marx ya ce shi kimiyya yake yi, ba wa'azi ba, amma duk wanda ya karanta yadda ya siffanta yara a masana'antun Ingila ya san mutumin yana cikin fushi, fushin wanda ya yi imani cewa akwai haƙƙi kuma an take shi. Wannan imani bai fito daga lissafin rarar daraja ba. Ya shigo da shi ne daga wani wuri, kuma jikan malaman Yahudawa ta uwa da uba ba zai rasa inda ya gado shi ba.

Wasu malaman sun bi ta ɗaya hanyar, suka ce abin da ke da kyau a gurguzu namu ne tun asali. Mustafa Siba'i na Siriya ya fitar da littafi a kan gurguzun Musulunci a 1959. Ana yawan kawo Abu Zarril Gifari, sahabin da ya tsaya wa masu tara dukiya a Sham. Akwai ma ruwayar da ta fi kusa da mutanen Manga: Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka masa wurin gishirin Ma'arib, aka ba shi, da aka bayyana cewa gishirin nan kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, sai aka karɓe kyautar. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi daga Borno har Sakkwato, mashahurin zance shi ne ma'adinai suna hannun shugaba ya sarrafa su don maslahar Musulmi. Hukuncin yana da baki biyu. Da shi za ka ce tafki na jama'a ne, da shi kuma mai sarauta zai ce ai shi ne wakilin shugaba, a kawo kasonsa.

Inda sulhu ya ƙi yiwuwa shi ne gado. Bayanin jam'iyyar gurguzu na 1848, wanda Marx da Engels suka rubuta, ya sa soke gado a cikin matakan farko, alhali Suratun Nisa'i ta yanka wa kowane magaji rabonsa da lissafi. A Somaliya, Siyad Bare ya shekara biyar yana cewa gurguzunsa da Musulunci ba sa karo, sai a Janairun 1975 ya fito da dokar iyali da ta daidaita gadon mace da namiji. Malamai suka yi magana a masallatai, ya harbe 10 daga cikinsu. A Sudan, inda jam'iyyar gurguzu ta fi ƙarfi a duk yankin, maganar ɓatanci da wani ɗalibi ya yi a kan iyalan gidan Annabi a Omdurman a 1965 ta isa a haramta ta a kori wakilanta daga majalisa, kuma a 1971 Numairi ya rataye shugabanta Abdulkhaliƙ Mahjub.

A Nijar abin bai kai ga haka ba, domin masu karatun Marx ba su taɓa riƙe mulki da sunansa ba. Tunanin ya koma ƙungiyar ɗalibai ta USN da ƙungiyoyin malaman makaranta, ya yi shekarun Kunce a ɓoye, ya fito fili bayan an harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. A ƙarshen shekarar aka kafa PNDS-Tarayya, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Bazum Mohammed, wanda ya karanta falsafa a Dakar, ya koyar da ita, ya wakilci Taskar, arewa da Gure, a majalisa. Kafin su kai ga mulki Tarayyar Sobiyet ta riga ta rushe, jam'iyyar kuma ta zaɓi gurguzun sassauci irin na Turai ta yamma. Lokacin da Mahamadu Isufu na wannan jam'iyya yake firaminista a ƙarƙashin Shugaba Mahaman Usman, a 1993 zuwa 1994, daftarin dokar iyali ya taso, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka yi masa ca, aka mayar da shi aljihun tebur. Tsarin mulkin 2010 ya raba addini da gwamnati, shi ne kuma ya wajabta wa shugaban ƙasa ya yi rantsuwa da littafin addininsa. Isufu ya dafa Alƙur'ani a 2011 da 2016, Bazum a 2021.